Amsa: Shin in bari a saka ɗana cikin binciken magani?

'Yar uwa, kin ce ma'aikatan lafiya sun zo unguwarku suna neman yara don gwajin magani, kuma gabanki na faɗuwa. Tsoron nan yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa (IDH) na Kano da yara 200. Yara 11 sun rasu, iyaye kuma suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A jihar Dosso ta Nijar an gwada bai wa ƙananan yara maganin azithromycin sau biyu a shekara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Rayuka ne na gaske aka ceto.

Shawarata, kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki da Hausa ba. Ki tambaye su: wane kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu tabbatar da cewa ba a tauye haƙƙin waɗanda ake gwaji da su ba, ne ya ba su izini? Idan yaron ya yi zazzaɓi cikin dare, wa za ki kira, wa zai biya kuɗin asibiti? Ki karɓi kwafin takardar ki nuna wa maigida da wani ma'aikacin lafiya da kika yarda da shi. Kina da 'yancin janye yaronki ko yaushe, kuma ƙin shiga ba zai hana a duba shi a asibiti ba. Duk wanda ya matsa miki sai yau-yau, ki sallame shi.