Zauren Inna Ungozoma: Kayan jariri, wanne za a saya, wanne za a bari a kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna, da fatan kina lafiya. Ina ɗauke da cikin fari wata bakwai. Maigidana ya ba ni jaka 200 in yi sayayyar haihuwa. Wata ƙawata ta turo mini jerin kaya ta WhatsApp, na ƙirga abu 43: gado mai lilo, keken tura jariri, keken koyon tafiya, bibaro shida da na'urar dafa su, baho mai ƙafafu, matashin kai, hoda, turare, da wasu da ban ma san amfaninsu ba. Na je Babbar Kasuwa na taya gado da keke kaɗai, sai na ga kuɗin za su tafi. Uwar mijina kuma ta ce ita tara ta haifa da zane biyu da majanyi. Ɗaki da falo muke haya. Inna, maganar wa zan bi?
Daga wata ɗiyarki a unguwar Talaje, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka.

Kafin mu taɓa jerin ƙawarki, ki ɗauki jaka 200 ɗin nan ki raba biyu. Rabi ki ƙulle a ƙasan akwati, ki manta da shi har ranar naƙuda. Shekaru da yawa na yi ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin jaririn da ya wahala don rashin gado mai lilo ba, amma na ga waɗanda suka wahala don rashin kuɗin taksi da ƙarfe biyun dare. Akwai wani saurayin ango da ba na mantawa. Matarsa ta zubar da jini bayan haihuwa, muka rubuta masa takardar magani, ya tsaya yana juya ta a hannu kamar bai iya karatu ba. Ashe aljihun ne wayam. Wayarsa ya jinginar wa mai gadi kafin ya samo abin zuwa farmasi. Ranar suna na je barka, sai ga gado mai kiɗa da ƴan tsuntsayen roba suna juyawa a samansa, an cika shi da kayan wanki. Jaririn yana bisa katifa gefen uwarsa.

Uwar mijinki ta fi ƙawarki kusa da gaskiya, amma ita ma akwai abubuwan da zamaninta bai sani ba. A da mace mai cikin fari ko hula ba ta saye, don kunya. Yanzu kunyar ta koma wani wuri: kada ƴan barka su shigo su ga ɗaki ba kaya. To, wanda ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa.

Na farko a wurina sange ne, mai magani. Na lissafa watanninki, haihuwarki za ta faɗo cikin damina, lokacin da sauron Yamai ba ya jin kira. A wurin awon ciki akan ba da shi kyauta, ki tambaya, kada kunya ta hana ki. In sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura, kuma ki riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, ba a bar shi yana reto ba. Ki ƙara da ɗan ƙaramin nan mai buɗewa kamar laima, don barcin rana a falo ko a tsakar gida. Wannan kam kuɗinsa halal ne. Maganin sauro na hayaƙi ki raba ɗakin jariri da shi, haka turaren wuta mai yawa. Na san mai jego da turare sai Allah, amma ki turara ɗaki yaron yana waje, hayaƙi ya fita sannan a shigo da shi. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana rabawa da damina daga wata 3 ne zuwa wata 59, ke nan naki bai kai ba tukuna. Sangen nan shi ne garkuwarsa.

Sai zannuwa. Tsofaffin atamfofinki da suka sha wanki suka yi laushi sun fi sabon tawul mai hoton zomo. Ki tanadi kamar shida: na shimfiɗa, na lulluɓi, na goge tumbuɗi, na goyo, da majanyi mai ƙarfi guda biyu. Ki sayi leda ta shimfiɗa a kan katifa guda biyu, in ɗaya na shanya ɗaya na aiki. Riguna kuwa, ki kama hannunki. Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi kafin wata shida, rigar da kika saya ta sabon haihuwa sati uku ta daina shiga. Shida ko takwas na auduga masu buɗewa ta gaba sun isa, da hula biyu da safa biyu. Ranar suna ƴan uwa za su kawo miki riguna da sabulu har ki rasa wurin zubawa, kuma duk girma ɗaya za su sayo. Ki jira ki ga abin da ya taru sannan ki cike giɓi. Kayan bosho ma ba abin kunya ba ne, in an wanke an shanya a rana an goge. Abin da nake ƙi shi ne leshi mai ƙaiƙayi da takalmi ga wanda bai san yana da ƙafa ba.

Maganar kunzugu ita ce mai cin kuɗi a ɓoye. Sabon jariri yakan ɓata takwas zuwa goma a yini, ki lissafa na wata guda ki gani. Ni abin da nake gaya wa ƴaƴana: a sayi na yadi dozin biyu don zaman gida, ranar garin nan tana busar da su kafin ki gama girki, a ajiye na zamani masu yarwa don dare da zuwa likita da unguwa. Kada ki tara katan-katan na ƙaramar lamba, zai fi ƙarfinsu su zauna miki. Da zafin watan huɗu da na biyar, lokacin da ake wuce digiri 40, ki riƙa barin yaro ba kunzugu a kan leda da zane ya sha iska. Yawancin ƙurajen gindi da ake kawo mini, ciki har da waɗanda ake cewa mayu ne, kunzugu ne da ya daɗe a jiki.

Abin da kakanni ba su da shi kuma nake so ki saya, ma'aunin zafin jiki ne, ƙaramin nan na sawa a hammata. Ba shi da tsada. Tafin hannu yana ruɗi, musamman da bazara. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in ma'auni ya nuna 38 ko sama, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma aika yaro wurin mai tallar magani a faranti. Likita kai tsaye. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, amma magani yakan yanke, shi ya sa na ce ki ɓoye rabin kuɗin nan.

Na cibi: ki tambayi ungozomarki maganin da ake kira kulorhekzidin, a shafa a cibi kawai, kada ya kusanci ido ko kaɗan. Ba toka, ba man goge haƙori, ba gashi da tsumma mai zafi. Cibi yakan faɗi da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu. A nan za ku ɗan ja da uwar mijinki. Ki ce mata likita ce ta hana, ki ɗora laifin a kaina, na saba.

Wanka kuwa, baho sabo na roba da ba a wanki a cikinsa, sabulu marar ƙamshi, man kaɗanya mai kyau. Shi ke nan. Ki gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Wankan farko ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi awa 24, a goge yaro a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Hoda ki bar ta a shago. Ƙurarta tana shiga hancin jariri, kuma kamfanin Johnson & Johnson da ya yi suna da ita ya daina sayar da mai sinadarin talk a duniya baki ɗaya a 2023.

Yanzu ga manyan da suka tsorata ki. Gado: a ɗaki da falo ina za ki kafa shi? Abin da jariri ke bukata shimfiɗa ce mai ɗan tauri, shafaffiya, a kusa da ke, a kwantar da shi rigingine, ba rubda ciki ba. Ba matashin kai, ba bargo mai nauyi, ba ƴar tsana. Ƙaramar katifa a gefen taki cikin sange ɗaya ta wadatar. In kuma gado ɗaya za ku kwana, kada a sa shi tsakanin manya biyu, kuma in maigida yana shan taba, to yaro ya samu tasa shimfiɗar daban. Keken turawa an yi shi ne don garuruwan da ke da daɓen tafiyar ƙafa. Ki leƙa ƙofar gidanku ki dubi rairayin Talaje da kwatamin damina, ki gaya mini inda za ki tura shi. Wanda aka kawo wa jikata tsaraba yana nan a zaurena, albasar Galmi nake zubawa a ciki, kuma wallahi iska na ratsa ta da kyau. Bayanki ya fi shi: yaro na jin ɗuminki, hannayenki biyu na aiki. Ki dai bari tsohuwa ta koya miki goyon sabon jariri, yadda zane zai tallafe wuyansa, hancinsa kuma yana waje.

Keken koyon tafiya shi ne ma nake adawa da shi gaba ɗaya. Ba ya sa yaro saurin tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu da tukunyar ruwan zafi kafin ki juyo. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tabarma da fili sun ishe shi.

Na bar bibaro a ƙarshe da gangan. Kada ki saya ko ɗaya kafin haihuwa. In yana cikin ɗaki, daren farko da yaro ya yi kuka wani zai ce nono bai isa ba, a haɗa madara. Nono zalla ake so har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, ko da bazara ce, domin mafi yawan nono ruwa ne. Dakashin farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko. Bauri da jiƙe-jiƙe a ajiye, zuma kuma sai ya cika shekara. In kina son sanin ko yana ƙoshi, ki ƙirga kunzugu: in yana jiƙa shida ko fiye a yini bayan satin farko, yana kuma ƙaruwa a sikeli, nononki ya isa. Kuɗin bibaro da na'urarsu ki mayar da su cikin tukunyarki: gero na kunu, nama, hanta, ƙwai, zogale. Ki sayi audugar mata manya fakiti biyu ko uku, da rigunan nono masu buɗewa. Jerin ƙawarki abu 43, na tabbata babu ko ɗaya na mai jego.

TAMBAYA: Inna, barka da aiki. Matata malamar lakwal ce, hutun haihuwarta zai ƙare yaro yana da kamar wata biyu da ƴan kwanaki. Shin mu sayi madarar gwangwani tun yanzu? Kuma ina da ƴar mota, kujerar jarirai ta mota dole ce?
Daga wani magidanci a Tawa.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya da kanka, ba kowane namiji ke yi ba. Madara kada ka saya. Ta koyi tatsar nono da hannu tun kafin ta koma aiki, a zuba a kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa. A ɗaki mai sanyi yakan kai awa huɗu, amma da zafin Tawa ban yarda da wannan lissafi ba, a sa a firijo ko a kula mai ƙanƙara. Mai reno ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, sun fi bibaro sauƙin wankewa. Dokar aiki ta ba mai shayarwa lokacin shayarwa a cikin yini, ta yi magana da shugaban makarantarsu. In wata lalura ta sa likita ya ce sai madara, to a tafasa ruwa, a haɗa yana da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce sannan a ba shi, abin da ya rage ya wuce awa biyu a zubar. Kuma kada a tsinka ta don gwangwani ya daɗe. Na ga yaran da wannan tattalin ya ramar.

Kujerar mota kuwa, kai kam ka saya, tunda motar taka ce kuma na san za ku riƙa bin hanyar Ƙonni. In aka taka burki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro komai ƙaunarta. A ɗaure kujerar a baya, fuskar yaro na kallon bayan mota. Ta hannu ma ta yi, muddin ba ta tsage ba kuma igiyoyinta da maƙullinta suna kamawa.

TAMBAYA: Inna, me zan zuba a jakar zuwa haihuwa?
Daga wata mai wata tara a Bukoki.

AMSA: Ke da kike wata tara yau kike tambaya? Tashi yanzu ki haɗa. Karnen awonki a sama, zane huɗu, rigar jariri biyu, hula, kunzugu kaɗan, audugar mata, sabulu, bokiti ƙarami da buta, tocila, cajar waya, da kuɗi a aljihun ciki. Ki rubuta lambar mai taksi biyu na unguwarku a bangon karnen, kuma ki san tun yau wa zai iya ba ki jini in an bukata. Kafin a sallame ku ki tabbata an yi wa yaro allurar BCG an ɗiga masa na shan inna, an kuma rubuta ranar dawowa ta sati 6. Jakar ki rataye ta bayan ƙofa, ki nuna wa maigida inda take.