Ka koma intanet na sim, amma kada ka yanke tsohon layin sai ka gwada sabon da daddare

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har ƙarshe, kuma wallahi kamar ni na rubuta ta, domin babu abin da ka lissafa wanda ban ɗanɗana ba: gida a karkara nesa da gari, intanet ta wayar girke da gudunta ba ya kai megabit 2 a daƙiƙa, yankewa da zarar hadari ya taso, ga kuma kuɗin wata da ake karɓa cif-cif ko an yi amfani da layin ko ba a yi ba. Ka tambaya ko ya dace ka bar wannan layi ka sayi rauta mai ɗaukar sim, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, da kuma ko za ta iya riƙe aikin da kake yi daga gida da karatun yaranka. Amsata ita ce ka koma, ni ma na koma kuma ban taɓa yin da-na-sani ba, sai dai akwai abubuwan da nake so ka duba kafin ka sa hannu a kan kowace takarda.

Da farko ka daina sa rai cewa za a gyara maka wannan layin. Ba lalacewa ya yi ba, tsawo ya yi. Fasahar ADSL, wadda irin wannan layi ke aiki da ita, a kan wayar jan ƙarfe take tafiya, kuma siginar tana raunana da kowace kilomita da ta ratsa daga tashar kamfani zuwa gidanka. Megabit 24 da ake ambata wa ADSL2+, ingantaccen nau'inta, na waɗanda suke maƙwabtaka da tashar ne, amma wanda yake da nisan kilomita 4 ko 5 sai dai ya samu ɗan abin da ya rage. Ɓangaren tura abu kuwa, ko a layi mai lafiya kusan megabit 1 ne iyakarsa. Idan ka shiga shafin saitin modam ɗinka za ka ga wani adadi da ke nuna yawan siginar da ta zube a hanya, kuma idan ya haura 50 dB to ka sani layinka dogo ne ƙwarai. Ga kuma mahaɗar wayoyi a kan turaku da cikin ramuka, waɗanda ruwa ke shiga su yi tsatsa, shi ya sa kake ganin damina ta fi rani muni.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kamfanin ya san duk wannan tun ranar da ya haɗa mini layin, amma babu wanda ya faɗa mini. Kullum na kira, magana ɗaya ce: ka kashe modam ka kunna, ka sauya matatar da ke jikin soket, ka cire sauran wayoyin gidan, ka jira awa ashirin da huɗu. Idan na matsa sai a ce za a turo ma'aikaci, tare da gargaɗin cewa idan aka tarar matsalar daga cikin gidana take ni zan biya kuɗin zuwansa. Shi kuma ma'aikacin ba ya zuwa sai ranar da gari ya bushe, ya jona na'urarsa, ya ce layi lafiya lau, ya rubuta an gyara, ya tafi. Har wata baiwar Allah a sashen talla ta taɓa lallashina in ƙara kuɗi in koma babban tsari wai zai fi sauri, alhali wayar da ke kan turakun ita ce dai wadda take nan tun kafin a haife ni.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da aka kira ni ganawar neman aiki ta bidiyo, aikin da na daɗe ina nema, na kuma tsallake duk matakan farko. Na roƙi iyali kowa ya kashe wayarsa, na jona kwamfuta da modam kai tsaye da waya don kada a ce Wi-Fi ne, na zauna tun kafin lokaci. Ana cikin tambaya ta biyu aka soma yayyafi. Ina kallo fuskokinsu suka tsaya cik, muryar shugaban kwamitin ta riƙa zuwa gutsi-gutsi, sannan ƙaramar fitilar nan ta jikin modam ta koma kyaftawa, wadda duk mai irin layinmu ya san ma'anarta. Na sake shiga, suka yi haƙuri suka maimaita tambayar, na buɗe baki ke nan ya sake yankewa. Da na samu na koma, sai na tarar sun rubuta mini cewa lokaci ya ƙure, akwai masu jira a bayana, za su tuntuɓe ni. Aikin daga gida ake yin sa, saboda haka ni kaina na san abin da suka gani a wannan rana ya ishe su yanke hukunci. Na kira kamfanin a daren hannuna yana rawa, wanda ya ɗauka ya ce mini a kwamfutarsu ba su ga wata matsala a yankina ba, sannan ya tambaye ni ko na gwada kashewa da kunnawa. Har yau idan na tuna wannan amsa sai zuciyata ta tafasa. Daga baya wani dattijon ma'aikaci, Allah ya saka masa da alheri, ya ja ni gefe ya ce mini kada in ƙara wahalar da kaina, domin babu wanda zai sauya kilomitoci na waya saboda gidaje ƙalilan.

To yanzu ga abin da nake so ka yi. Kada ka yarda da taswirar da kamfanonin salula ke nunawa cewa sabis ɗinsu ya rufe yankinka, domin lissafin kwamfuta ne, bai san tudun da ke bayan gidanka ko itatuwan da ke tsakaninka da ƙarfen sabis ba. Gani ya kori ji. Ka ari sim na kowane kamfani daga maƙwabta da 'yan'uwa, ka sa a waya ɗaya, ka auna gudun intanet ɗin da shafin Speedtest ko fast.com a cikin ɗaki, a bakin taga, a waje, da kuma wuri mafi tsayi da za ka iya hawa lafiya. Abin da na fi jaddada maka shi ne ka auna tsakanin ƙarfe 7 zuwa 11 na dare, kuma ba dare ɗaya ba. Wayar girke duk rashin kirkinta taka ce kai kaɗai har zuwa tasha, amma ƙarfen sabis kamar rijiyar gari yake, da safe ka ɗebi yadda kake so, da yamma kowa ya zo da gugarsa. Akwai wuraren da za ka ga megabit 40 da hantsi, dare na yi ya faɗo ƙasa da abin da tsohon layinka ke ba ka, kuma babu eriyar da ke maganin cunkoso.

Sandunan sabis da ke saman waya kuma ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Rauta mai kyau tana nuna adadi biyu a shafin saitinta, su za ka riƙe. Na farko RSRP, ƙarfin siginar da ke isowa: kusa da -80 dBm abu ya yi kyau, wajen -100 ya soma rauni, idan ya wuce -110 kana bakin gaɓa. Na biyu SINR, wato tsabtar siginar daga hayaniya: 20 zuwa sama madalla, 10 za a zauna lafiya, kusa da sifili kuwa za ka sha wahala ko da sandunan sun cika. Ni SINR na fi kulawa da shi, domin na ga matsar da rauta taku biyu zuwa wata tagar ya ɗaga shi sosai, saurin kuma ya bi shi.

Game da abin da za ka saya, ka guji 'yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir idan gida gaba ɗaya za ta riƙe. Tana zafi, Wi-Fi ɗinta ba ya nisa, batirinta kan kumbura idan kullum tana jone da wuta. Ka nemi rauta ta girke wadda ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba, mai ramuka biyu na eriyar waje, kuma ta kasance aƙalla Cat 6 a jerin ajujuwan na'urorin 4G, domin ita tana iya haɗa zangon sigina biyu a lokaci guda, abin da Cat 4 ba ta yi. Ka tabbata kuma tana kama ƙananan zanguna irin 700, 800 da 900 MHz, saboda su ne ke tafiya nesa su ratsa bango, kuma yawanci su ne ke isa karkara, yayin da 1800 da 2600 suka fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Kada kalmar 5G ta ruɗe ka ka kashe kuɗi da yawa sai ka tabbatar tana isowa ƙofar gidanka. Idan gidanka rufin kwano ne ko bangonsa mai kauri, eriyar waje ce za ta cece ka, a ɗaura ta sama a fuskantar da ita ƙarfen sabis, kuma ta zama mai wayoyi biyu don a ci moriyar MIMO, wato aikawa da karɓar sigina ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Sai dai wayar eriya tana shanye sigina, idan ta yi tsawo abin da ka samu a sama zai ƙare a hanya, don haka ko dai ka gajarta ta, ko ka sayi irin rautar da ake ɗaurawa a waje gaba ɗaya, a sauko da wayar Ethernet, irin wadda ake jona kwamfuta da modam, wadda ke iya tafiya har mita 100 tana kuma ɗauke da wutar na'urar. A sa mata kariyar tsawa. Na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa da arha kuwa ka bar ta, a ƙasashe da dama doka ta hana amfani da ita ba da izini ba, kuma tana iya dagula wa maƙwabtanka sabis.

Maganar data ita ce inda mutane suka fi kuka. A tsohon layi ba ka taɓa ƙirga abin da gidanka ke ci ba, kuma rashin saurin da kansa yana taƙaita ku. Da zarar hanya ta buɗe, bidiyo zai ɗaga ingancinsa da kansa, kuma awa ɗaya na kallo mai inganci na iya cin gigabait 3, na 4K kuwa har 7, ban da sabunta manhajojin kwamfuta da wayoyi da ɗora hotuna da ake yi a ɓoye ba ka sani ba. Da yara a gida wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk tsarin da aka ce maka ba shi da iyaka, ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin sau da yawa akwai adadin da idan ka kai za a rage maka gudu har ƙarshen wata, wasu kuma ba sa yarda a sa sim ɗin waya a cikin rauta. Ka fara da tsarin wata-wata wanda za ka iya bari duk lokacin da ka so, kada ka ɗaure kanka da yarjejeniyar shekara biyu saboda an ba ka rauta kyauta.

Ina yawan tunanin tsofaffin da ke kewaye da mu, waɗanda har yanzu suke biyan wannan layi mara amfani saboda an yi ta yi mana alkawarin za a kawo wayar fayiba, wato wayar gilashi mai saurin gaske, shekara ta bi shekara ba a ga ko rami ba. Mutumin karkara yana biyan abin da na birni ke biya, ya samu ɗan kaɗan daga abin da ake ba wancan, kuma idan ya yi ƙorafi a ɗauke shi mai fitina. Wannan bai dace ba ko kaɗan, kuma ina ganin shirun da muke yi ne ya sa abin ya daɗe haka.

Akwai abubuwan da za ka rasa, gara ka sani tun yanzu. Idan ka yanke layin, lambar wayar girken za ta iya tafiya sai idan ka nemi a mayar maka da ita wani tsarin tun kafin a rufe, kuma duk wata na'urar ƙararrawa ko ta kiran gaggawa da ke jone da ita za ta daina aiki. Tsohuwar wayar girke daga tasha take samun wutarta, shi ya sa take aiki ko an ɗauke wuta, amma rauta sai ka tanadar mata ƙaramin batir na ajiya. Sannan yawancin kamfanonin salula suna raba adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, tsakanin mutane da yawa, abin da ake kira CGNAT, wanda ke iya hana ka leƙa wasu kyamarorin tsaro daga nesa ko ya dami masu wasannin intanet. Tunda aiki kake yi daga gida, ka gwada VPN na wurin aikinka, wato kariyayyar hanyar shiga kwamfutocin ofis daga nesa, da kiran bidiyo a kan sabon layin kafin ka saki tsohon. A wajena kiran bidiyo ya daidaita ne saboda saurin turawa ya ninka na da sau da yawa, kuma shi ne abin da ADSL ba zai taɓa ba ka ba. Idan kuma ka gwada kowane kamfani babu mai kirki, to sai ka duba intanet na tauraron ɗan'adam irin Starlink idan an ba shi lasisi a ƙasarku, ko da yake ya fi tsada kuma yana bukatar sararin sama a buɗe.

Ka riƙe layukan biyu tare na wata guda, ko da kuɗin zai yi maka nauyi, har ka ga yadda sabon ke yi a ranar ruwa da daren ƙarshen mako. Idan ka tashi yankewa ka duba ko akwai tarar fita kafin wa'adi, ka nemi rufewar a rubuce, ka adana shaidar mayar musu da modam ɗinsu, domin ni bayan na bar su sai da suka ci gaba da turo mini takardar biya, kuma wannan shaidar ce kawai ta raba ni da su. In ka yi gwajin, ka turo mini adadin RSRP da SINR na kowane sim tare da saurin da ka samu da daddare, in sha Allahu zan duba maka ko kana bukatar eriyar waje ko bakin taga ma ya isa.