Ɗana zai karanta harkar kasuwanci a jami'a, me ya kamata ya fito da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, ina saye a kasuwar Gujungu in kai Dawanau. Ɗana ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, zai karanta gudanar da kasuwanci. Shekara huɗu cur! Me za a koya masa da ba zai koya a wajena ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa masa albarka. Ciniki da gane hatsi mai kyau da ido, wannan kam ba malamin jami'ar da zai fi ka. Abin da za a ba shi daban ne.

Da farko zai sha lissafi da ilimin tattalin arziki da tushen aikin akanta. Daga baya a shiga sarrafa kuɗi, neman kasuwa, kula da ma'aikata da dokokin kasuwanci, shekarar ƙarshe ya rubuta kundin bincike. Manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022 ta tsara kashi 70 na darussan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30.

Amma ni a ganina, babban abin da za a nema a wajensa shi ne ya iya raba riba da kuɗin da ke aljihu. A ce ka sayi riɗi da kaka, ka ajiye wata biyar, farashi ya tashi ka sayar. Kuɗi sun shigo, rai ya yi fari. Shi aikinsa ya zauna ya cire kuɗin buhu, dako, mota, hayar sito, la'adar dillali, da nauyin da kayan suka rage a ajiye. Sannan ya tambaya: da an juya jarin nan sau uku a gero cikin watannin nan, nawa zai kawo? Ya kuma ware bashin da ke hannun mutane, don wanda ba a biya ba bai zama naka ba tukuna. 'Yan kasuwa da yawa a nan jarinsu ke zurarewa, alhali kullum shago cike yake da masu saye.

Sai rubutu. Ya iya tsara takardar kasuwanci da banki zai karanta ya gamsu, ya iya ajiye lissafi a kwamfuta, ya san yadda ake rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai.

Kada ka tsaya ga takardar sakamako kawai, wasu haddace ma'anoni suke yi su ci jarrabawa. In ya gama shekara ta biyu ya zo hutu, miƙa masa littafin bashinka da lissafin lodi ɗaya na Dawanau, ka ce ya faɗa maka nawa ka ci a kan kowane buhu.