Sauya hanyoyin jirage a sama zai rage jinkiri, amma ƙarar fa?

Tambayarka ita ce ko sake tsara hanyoyin da jirage ke bi a saman manyan birane zai rage jinkiri ya kuma rage ƙarar da ke damun mutane. Jinkiri kam yana raguwa, musamman a wuri irin New York inda filayen jiragen sama na JFK da LaGuardia da Newark suke dab da juna, hanyar tashin wannan ta ratsa hanyar saukar wancan, dole a tsayar da wani a ƙasa yana ƙona mai har a ba shi hanya. Amma ƙara ba ɓacewa take ba malam, gida kawai ake sauya mata.

Dalili shi ne da can jiragen warwatsuwa suke yi, kowace unguwa ta ɗan sha nata rabon, yanzu kuwa da GPS, wato na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, duk layi ɗaya suke bi cif, to wanda gidansa ya faɗo ƙarƙashin layin nan ya shiga uku, ko waya yake sai ya dakata jirgi ya wuce, kafin ya ci gaba ga wani kuma. Haka aka yi a Phoenix ta Amurka, hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a ƙasar ta sauya hanyoyin tashi a 2014 ba tare da ta saurari mazauna unguwannin yadda ya kamata ba, birnin ya maka ta a kotu, a 2017 kotu ta ba birnin gaskiya. Ni a ganina in ba a fara zama da mutanen ƙasa ba, gara ma kar a taɓa taswirar.