Ɗan waƙafin sama a rubutun Turanci

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 7 a Agege yana rubuta dont da Im ba alama, kina neman dabara. Wallahi ba shi kaɗai ba ne.

Abin da ke rikita yaranmu, a Hausa alamar nan sauti ce, kamar a jama'a da sana'a da 'ya'ya. A Turanci kuwa mai gadin gurbi ce, tana zama inda aka cire harafi. To ki nuna masa da hannu. Ki rubuta do not a kan kwali, ki ba shi almakashi ya yanke o ta biyu, ya matso da guntayen, ya ɗora ƙwayar shinkafa a saman ramin. Da 'yata na yi haka a kan tabarma, ta cinye rabin shinkafar ɗanya, amma don't ta zauna mata daram. Daga nan sai I am, a yanke a, ya zama I'm. Sai is not.

Kunne ma na da aiki, tunda a layi Turancin buroka yake ji, "I no go", ba "I won't" ba. Ki riƙa karanta masa jimlolin da ƙarfi. Won't ɗin ma haddace ta zai yi, don daga will not take, ba ta bin tsarin almakashi.

Maganar Musa's bag, ta mallaka, ki ajiye ta tukuna. It's da its kuwa, manya ma suna tuntuɓe a kansu. In ya iya maida ita it is ko it has jimlar ta tsaya, ya sa alamar.