Ina zan ƙaro ilimi bayan na fara aikin ba da shawara?

Malama, kin ce kin yi digiri a fannin ba da shawara, kina aiki a makaranta, amma idan aka kawo miki yaro mai ciwon damuwa ko shaye-shaye sai ki rasa ta inda za ki kama. Ba laifinki ba ne, digirin ya fi karkata ga harkar karatu da zaɓen sana'a.

Ki fara da mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba. Littafinsa kyauta ne a intanet. Zai nuna miki alamomin cuta, da lokacin da ya zama dole ki tura mutum asibiti, musamman mai maganar kashe kansa. Ki kuma karanta dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Amma a ganina, takardun bitar kwana biyu ba sa koyar da aiki. Ki nemi ƙwararre a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau (Kano), Barnawa (Kaduna) ko Kware (Sakkwato) da zai riƙa duba aikinki duk wata, ba tare da kin bayyana sunan kowa ba.