Amsa ga Alhaji kan ɗaukar mai riƙe maka saƙonnin kasuwar mota daga nesa

Ga muryar da aka turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba.

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da dare, ya iyali ya kasuwa. Na ji saƙonka, ka ce masu tambayar mota sun yi maka yawa a Facebook da shafin talla na Jiji da WhatsApp, kai kuma kana fili ko kana hanyar Legas, sai wani ya ba ka shawara ka ɗauki yaro ko yarinya su riƙa yi maka aikin daga gidansu ta intanet ba sai sun zo filin mota ba, shi ne kake tambaya ko abin yana yi ko zubar da kuɗi ne. To Alhaji yana yi wallahi, mu ma muna da guda, tana Zariya mu muna Kaduna. Amma fa sai ka raba aikin gida biyu tun farko: duk abin da waya da kwamfuta za su iya ka miƙa, duk abin da ya shafi kuɗi ko yake buƙatar ido a kan mota ka riƙe a hannunka.

Dilolin Amurka sun daɗe suna yi, za ka ga filin motar yana Texas amma mai kiran kwastoma yana Filifin a zaune, shi ke amsa saƙo, shi ke sa ranar da mutum zai zo gwada mota. Mu nan ba sai mun je nesa haka ba, ga yaranmu nan sun gama digiri sun gama bautar ƙasa suna gida, suna jin Hausa suna jin Turanci, wasu har da Yarbanci ko buroka, kuma abin da kwastomanmu ke so ke nan.

Babban abin da take yi mana shi ne saurin amsa. Ka san halin mai neman mota, ƙarfe goma na dare zai turo "Corolla 2010 ɗin nan nawa?" kuma ba kai kaɗai ya tura wa ba, duk wanda ya sa irin motar ya tura masa, wanda ya fara amsawa da hoto da bidiyo shi zai samu ya zo fili. Kai lokacin ka gaji, sai da safe ka gani, kafin nan mutumin ya riga ya yi magana da wani. Ita kuwa tana amsawa nan take, ta tambaye shi garin da yake, tokumbo yake so ko wadda aka yi amfani da ita a gida, kuɗin hannunsa ya kai kamar nawa, yaushe zai iya zuwa, sai ta rubuta duka ta turo min da safe a jere, in duba in san wa zan kira da kaina wa kuma hira kawai ya zo yi.

Amma Alhaji ga inda mutane ke faɗuwa. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin motar ba, abin da ka ba ta shi za ta faɗa. Saboda haka kafin ka ɗauki kowa, kowace mota a filinka sai an yi mata takarda, mu a Google Sheets muke yi, layi ɗaya mota ɗaya: samfuri, shekara, lambar shasi, tafiyar da ta yi, silinda huɗu ce ko shida, giya otomatik ko ta hannu, esi yana sanyi ko sai an yi masa gas, an taɓa fenti, a wane gefe, takardun kwastan suna nan ko babu, kuɗin da za a faɗa wa mai tambaya. Har abin da ba ya da daɗin faɗa ka rubuta, in gilashin baya ya tsage ka sa. Don in ta ce wa mutum fentin kamfani ne ya taso daga Sakkwato ya zo da bakanikensa suka shafa hannu a ƙofa suka ji fila, wato cikon da ake yi wa wurin da ya lotse kafin fenti, ba ita za a ce ta yi ƙarya ba, sunanka ne ya ɓaci, kuma mutumin nan zai gaya wa duk 'yan garinsu. Sannan duk motar da aka sayar a goge ta a take, a sauke tallan ko'ina, wannan ma aikinta ne, yaron fili ya turo mata saƙo kawai.

Sai ɓangaren masu sayo mota daga gwanjon Amurka, Copart da IAA, nan ma akwai aiki sosai da za a ɗauke maka. Lokacinsu yana bayan namu da awa biyar ko shida in New York ne, Texas kuma shida ko bakwai, ya danganta da watan, to ka ga gwanjon da suke yi da hantsi mu nan yamma ta yi, lokacin da fili ke cika da mutane. Ita za ta zauna ta tace maka motocin da suka dace da abin da ka ce, ta ɗauki lambar shasin, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, ta duba tarihin motar a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, hatsari nawa ta yi, ko an taɓa juya mita, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Wannan na ruwan ina so ka kula, tun ambaliyar Houston ta 2017 mutane suka ga yadda motar ruwa ke zuwa fes a hoto amma wayarin ya gama lalacewa a ciki. Bayan an saya kuma ita ke bin jirgi har ya iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, tana tuna wa ejan ɗinka mai fito maka da mota daga kwastan takardu, tana ajiye rasit na kowane mataki. Ka san tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, kuma daga 2022 kwastan suka fara ƙiyasta diyuti da lambar shasi, saboda haka takarda yanzu ita ce rabin darajar mota, wanda zai tsare maka ita a wuri ɗaya ya ci albashinsa. Amma danna tayi a gwanjo, wannan kai ne, ko ka ba ta iyaka a rubuce da ba za ta wuce ba.

Maganar kuɗi kuwa Alhaji ba wasa. Kada ta karɓi kafin alƙalami a asusunta ko da naira dubu ce, asusun kasuwa ɗaya tal za a riƙa bayarwa, kuma kai za ka duba ka tabbatar kuɗi ya zauna, ba hoton alat ba, don alat ɗin bogi ya yi yawa. Ba ta rage kuɗi, ba ta sallamawa, in mutum ya taya ta ce bari a haɗa ka da mai mota. Wannan kariya ce gare ta ita ma. Mu akwai lokacin da wani ya kwashi hotunan wata Camry tamu ya buɗe shafi yana karɓar kuɗin mutane, abin da ya wanke mu shi ne duk kwastomanmu sun san lamba ɗaya da asusu ɗaya muke da su, kuma ita ce ma ta fara ganin shafin ta kai ƙara aka rufe shi.

Kada kuma ka ba da kalmar sirrinka. Shafin Facebook yana da wurin da za ka ƙara mutum ya yi aiki ba tare da ya mallaki shafin ba, WhatsApp Business ma za ka iya haɗa shi da kwamfutarta layin yana hannunka, ka sa masa tabbatarwa mai mataki biyu. Ranar da kuka rabu sai ka cire ta cikin minti ɗaya, lambobin kwastoma suna wajenka.

Batun biya, don Allah a kyautata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, wanda zai riƙe maka waya har dare bai kamata a ba shi abin da bai kai ya yi cefane ba. Data daban, kuɗin caji ko ɗan sola daban, don in wuta ta ɗauke wayarta ta mutu kasuwarka ce ta tsaya. Ka yanka mata ɗan kamasho a kan duk motar da ta jawo mai saye, ka faɗa mata lokutan aiki da ranar hutu. Dillalan fili kuma ka zaunar da su ka yi musu bayani, la'adarsu tana nan, kar su ɗauka an kawo mai ƙwace musu abinci, in ba haka ba za su ƙi turo mata hoto da bayani aikin ya lalace.

Ka fara da wata ɗaya na gwaji, amsa saƙo da sabunta talla kawai, ka riƙa karanta hirar da take yi da mutane ka ji yadda take magana da manya. In ka gamsu sai ka ƙara mata na gwanjo. Gobe bayan Azahar in sha Allahu zan turo irin takardar da muke cikewa a nan gidan, duk mai so ya kwafa ya gyara ta daidai da filinsa. A gaida Hajiya da yara, Allah ya ba da kasuwa, sai da safe.